Mu Dai a Baka Muka Iya Tarihi

In dai batun son tarihi ne, mu mutanen unguwar nan ba a bar mu a baya ba. Ka taɓo zancen wace ƙofa ce ta girmi wata a ganuwar Kano, ko wane ne ya kafa Kasuwar Kurmi, nan da nan za ka ga dattawa sun gyara zama, mai shayi ya rage wutar risho don ya ji da kyau. Wani ya ce Muhammadu Rumfa ne, wani ya kawo shekarun sarautarsa daga 1463 zuwa 1499, wani kuma ya ce kakansa ya ga shigowar Turawa a 1903 da idonsa. In aka yi biki, maroƙi zai jero maka kakanninka har sai ka sa hannu a aljihu. Titunanmu ma sunayen mutane ne, haka makarantunmu da asibitocinmu. Muna son mutanenmu na da, so na gaskiya, ni kuwa ina alfahari da hakan.

To amma ka kira yaron gidanku, ka ce ya fito da naira ashirin ɗin da ke aljihunsa. Mutumin da ke gaba wataƙila ya gane shi, ya ce Murtala ne, don ya san asibiti ya san filin jirgi. Juya masa bayan takardar, ka tambaye shi matar nan da ke ginin tukunya. Sai ya yi shiru. Ladi Kwali ce, 'yar garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har aka riƙa gayyatarta Ingila da Amurka tana nuna wa Turawa yadda ake yi da hannu. Yaro yana yawo da ita kullum, ana aikensa da ita, bai taɓa jin labarinta ba. Ba laifinsa ba ne. Ina littafin da muka ba shi?

Littattafan tarihin mutane kam muna yin su, sai dai ka ga irin waɗanda muke yi. Babban mutum ya cika shekara saba'in, ko ya yi ritaya, sai a rubuta masa ƙaton littafi da Turanci mai bango kamar allo. A kama zauren taro, a gayyato babban mai ƙaddamarwa, a yi ta kiran miliyoyi a lasifika. Kowa ya dawo gida da kwafinsa a hammata, ya sa shi a kabad ɗin falo kusa da kwanukan da ba a cin abinci da su. In yaro ya miƙa hannu, uwa ta ce, “Kai, ajiye! Littafin babanku ne.” Shi ke nan an gama da shi. Har wanda aka yi da Hausa aka kuma yi shi da kyau, irin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, aiki ne na manya, ɗan aji biyar ba zai iya ɗaukarsa ya gama ba. Yana buƙatar ƙaninsa, ɗan siriri mai hotuna, wanda za a karanta tsakanin magariba da lisha.

Wani maƙwabcinmu yakan ce ai yaran yanzu ba sa son karatu, waya ta ɗauke musu hankali. Matar yayana, wadda ke koyarwa a Islamiyyar bayan layinmu, ba ta yarda da wannan magana ko kaɗan. Ta ce, “Ka zo ajinmu ranar darasin sira ka gani.” Gaskiyarta kuwa. Yaran nan da ake cewa ba sa karatu, su ne za su ba ka labarin Badar da Uhudu daki-daki, su gaya maka abin da Bilal ya sha a hannun ubangidansa, su ambaci Nana Khadija kamar sun zauna da ita. A ina suka samu? A Khulasatu Nuril Yaƙin, ɗan littafi ne juzu'i-juzu'i, darasi gajere, tambayoyi a ƙarshensa, malama ta karanta ta fassara da Hausa. Kuɗinsa bai fi ƙarfin uba ba, nauyinsa bai fi ƙarfin jakar yaro ba. In maulidi ya zo, su hau mumbari su zuba shi da ka. Wato hanyar koya wa yaro tarihin mutum muna da ita a hannu, mun ƙware a kanta. Abin da ya rage shi ne mu bi ta mu kai yaro ga Shehu Usmanu da Rumfa da Ladi Kwali.

Akwai wani tsohon hedimasta a ƙarshen lungunmu, duk unguwa Baba Malam muke ce masa. In ka ce masa ba a taɓa yin irin waɗannan littattafai da Hausa ba, ransa ɓaci yake yi. Ya ce, “Ɗana, an yi. Ku ne ba ku tarar ba.” Sai ya fara lissafi. Tun a farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, inda aka juyo tsofaffin rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausa, ciki har da tarihin sarakunan Kano. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Da aka kafa hukumar NORLA a 1954, lokacin yaƙi da jahilci, sai ƙananan littattafai suka yi ta fitowa. A wannan zamanin aka sami Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, da ɗan littafin Amina Sarauniyar Zazzau. Abubakar Imam da muka fi sani da Magana Jari Ce ya rubuta tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rubuta na Sayyadina Abubakar. Daga baya Malam Aminu Kano da kansa ya zauna ya rubuta rayuwar abokinsa kuma malaminsa a siyasa, Sa'adu Zungur, da Hausa. Baba Malam ya ce a zamaninsu ko makarantar ƙauye ce akwai akwatin littattafai a ofishin hedimasta, ranar Juma'a a buɗe, yaro ya ara ya kai gida, ya karanta wa uwarsa a gindin fitila. NORLA ba ta daɗe ba, a 1959 aka rufe ta, sai kamfanin buga littattafai na NNPC ya gaji aikin daga 1966. Wasu daga cikin littattafan nan har yau in ka dage za ka same su a wajen masu sayar da littattafai, amma sai ka san sunansu ka tambaya, ba a gaba ake jera su ba.

Sannan ga abin da aka yi mana daga sama. Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, aka ce wasu darussa sun ɗauke shi. Sai da aka haura shekara goma ana kai ruwa rana kafin gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi a 2022. Yaran da suka shiga aji ɗaya a wancan lokacin yanzu wasunsu sun yi aure. In ba a koyar da darasi, mai buga littafi ba zai buga ba, mai shago ba zai saro ba, marubuci kuma sai ya koma inda ake saye. Mu ma dai ba mu ɗaga murya yadda ya kamata ba, don muna ganin ai tarihi yana nan a bakin kaka. Kakannin kuwa tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labaran da ke zaune suna jira. Ɗauki Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har Barno. Wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya 'yanta shi, da ya mutu sai yaron ya koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Da shi ya je Tumbutu, da shi ya ƙetare Sahara ya hau jirgin ruwa, a 1855 ya sauka Ingila. A can ya zauna da wani malamin mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Yaro ɗan ƙasar Hausa yana kallon Landan yana faɗin abin da ya ba shi mamaki na cin abincinsu da sanyinsu! Ya dawo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki a makarantar Baturen nan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a nan Kano, ya rasu a 1912. Gidan Ɗan Hausa yana nan, muna wuce shi a Keke Napep. Wane yaro ne za ka ba shi wannan labari a shafi talatin da zane-zane ya ajiye bai gama ba?

Ga Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tun daga yarinta, wasannin dandali da aure da harin masu kamun bayi, aka buga da Turanci a 1954. Ga Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta naɗa mata a matsayin jaji ta ba su malfa, suna bi ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. Ga Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi mu sani saboda littafin Abdoulaye Mamani. Ga Hajiya Gambo Sawaba da aka yi ta ɗaurewa saboda NEPU da 'yancin mata. Kowace 'yar makarantarmu ta cancanci ta san waɗannan mata kafin ta gama firamare.

Sai dai in za a rubuta, ina roƙon a rubuta mutum, a rage kirari. Ɗabi'armu ce in mun ɗauki alƙalami kan babba, sai mu nuna tun yana goye an ga alamun girma a goshinsa, bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, bai taɓa tsoro ba. Yaro ba ya ganin kansa a cikin irin wannan mutum. Abin da yake so ya ji shi ne Abubakar Tafawa Balewa malamin makaranta ne mai riƙe alli kafin ya zama Firayim Minista, kuma yana malamin ne ya rubuta Shaihu Umar. A kuma faɗi abin da ba shi da daɗi da harshen da ya dace da yaro. An yi bauta a ƙasar nan, mu muka kama mu muka sayar. An yi Yaƙin Basasa a Kano daga 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, 'yan gida ɗaya. Jikokin ɓangarorin biyu suna aji ɗaya yau, gara su ji daga littafin da aka yi da adalci da su tsinto a bakin mai son zuciya.

Laburare kuma, mu wurin karatun jarrabawa muka ɗauke shi. In JAMB ko WAEC ta matso, samari su cika Laburaren Murtala Muhammad da littattafansu da suka zo da su daga gida, in an gama su watse. Uba nawa ne a layinmu ya taɓa kama hannun ɗansa ɗan shekara takwas ya kai shi ya nuna masa kantoci? Muna kai su gidan zu ranar sallah, makarantu kan kai su Gidan Makama su ga tsofaffin makamai da hotuna, su dawo da tambayoyi cike da baki, babu littafin da zai amsa musu a gida. Ga shi kuwa aron littafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Matan unguwar nan shekara da shekaru suna aiken yara shagon haya su karɓo musu littattafan soyayya, a biya kuɗin kwana, a karanta, a mayar, mai shago yana rubuta suna a ɗan littafinsa. Ba gwamnati, ba tallafi, kuma abin ya tafi daidai.

Wannan ne matar yayana ta kama. Ta sami shugaban Islamiyya ta ce, “Malam, a ba mu kwabar nan ta ofis da ba a ajiye komai a ciki.” Ya ba ta. Aka ce kowane gida ya kawo littafi ɗaya na tarihi ko na rayuwar wani, da Hausa in da hali, sabo ko tsoho. Baba Malam ya buɗe adakarsa ya fito da nasa, wasu bangonsu ya fita, telan bakin masallaci ya ɗinke su da zare mai ƙarfi bai karɓi ko kwabo ba. Gardamar da aka fi yi ita ce ko a bar yara su tafi da su gida. Wasu iyaye suka ce za su yaga, za su zuba musu miya. Baba Malam ya ce, “Ku bar su su yaga, tela yana nan.” A kan haka aka tsaya: aro ranar Alhamis, mayarwa ranar Asabar ta sama, 'yan babban aji biyu ne ke riƙe da rajista, wanda ya mayar kuma sai ya tsaya gaban aji ya ba da labarin abin da ya karanta kafin a ba shi wani. Na Dorugu da na Ladi Kwali babu su a kwabar, don ba mu same su a kasuwa ba. Malamin Hausa na sakandaren je-ka-ka-dawo ya ɗauki na Dorugu zai rubuta a hutun nan, wani ɗalibinsa mai zanen allunan shaguna zai yi hotunan, mu kuma iyaye za mu haɗa kuɗin bugawa a taron wata mai zuwa.