Jinjina ga Baƙon da Ya Zo da Gidansa da Karensa

Duk wanda ya ce baƙin kirki sun ƙare a duniya, to bai leƙa arewacin Sikotilan tsakanin Afrilu da Satumba ba. A can ne Allah ya azurta mutane da wani irin baƙo da ba ya ɗora wa kowa nauyi. Ba ya neman masauki, da ɗakinsa ya zo. Ba ya neman abinci, ga kicin ɗinsa nan da tukunyar gas da firji cike maƙil. Ko hira ba ya buƙata daga 'yan gari, tunda karensa na zaune a kujerar gaba ya zaro harshe yana leƙen taga. Gida ne sukutum aka ɗora a kan taya huɗu, fari fat, tsawonsa ya tasam ma mita bakwai, an rataya kekuna biyu a ƙeyarsa. Kai, samun baƙo irin wannan sai an tona.

Hanyar da ya zo bi ita ake kira North Coast 500. A 2015 aka ƙaddamar da ita, a ƙarƙashin wata ƙungiyar raya yankin wadda Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, ya assasa. Mil 516 ce, ta tashi daga birnin Inverness, ta bi gaɓar teku ta Applecross da Ullapool da Durness da John o' Groats, ta komo inda ta faro. Abin burgewar shi ne ba sabon titi aka shimfiɗa ba. Tsofaffin hanyoyin ƙauye ne da manoma da mai raba wasiƙu suka saba lallaɓawa a kai, aka raɗa musu suna, aka zana taswira, aka watsa a intanet, sai ga duniya ta taho. Nan hikimar take, domin suna ba ya cin kwalta, ba ya cin siminti. Wani bincike na jami'ar Glasgow Caledonian ya ce a 2018 kaɗai hanyar ta jawo wa yankin sama da fam miliyan 22. Madalla. Shi dai baƙonmu ya sauke nasa nauyin tun a manyan kantunan Inverness, inda ya yi cefanen mako guda a farashi mai sauƙi, don kada ya wahalar da tsohuwar da ke da ɗan shago a ƙauye da lissafin canji.

Sai batun tuƙi, kuma a nan ne jarumtakarsa ke bayyana. Lasin ɗin ƙaramar mota ya wadatar a tuƙa abin da bai wuce tan uku da rabi ba, saboda haka jiya-jiya ya karɓi motar haya, aka nuna masa inda burki yake, aka miƙa masa makulli. In daga Jamus ko Faransa ya taho, har da ƙarin armashi, domin a hannun dama ya saba tuƙi, nan kuma hagu ake bi. Wani dogon yanki na hanyar faɗin mota ɗaya ne tak. Don haka aka yi 'yan wuraren ratsewa a gefe, kowanne da allonsa, in mota biyu sun yi kiciɓis ɗaya ta raɓe ɗaya ta wuce, in kuma ka ga wani na binka a baya ka kauce masa. Dokar hanya ta hana ajiye mota a wurin. Amma wane mai hankali ne zai ga fili mai kwalta, yana fuskantar teku, ya bar shi haka kawai? Sai baƙo ya faka, ya fito da kujeru biyu masu naɗewa da ɗan tebur, ya ɗora butar shayi, ya zuba wa kare ruwa a kwanonsa.

In kuma ya hau hanya, mil ashirin a awa ya ishe shi, shi da abokansa uku a jere. Ma'aikaciyar jinyar da ke bayansu, wadda wani tsoho ke jira ta zo ta yi masa allura, ta samu damar koyon haƙuri kyauta. Manomin da ya taho daga gaba da tirelar tumaki shi zai yi ribas, tunda baƙo bai taɓa mayar da abu mai wannan tsawo baya ba, kuma ba a bakin rami zai fara koyo ba. Manomi ya murɗa wuya, ya ja da baya kamar tsawon filin ƙwallo, tumaki na kuka. Da baƙo ya zo wucewa sai ya ɗaga masa yatsu biyu daga kan sitiyari. Wa ya ce ba shi da tarbiyya?

A hanyar Applecross akwai hawan da ake kira Bealach na Bà, wanda asalinsa turbar masu kora shanu ce. Yana kaiwa mita 626 sama da teku, da kwanoni masu lanƙwasa kamar za su haɗe, a wani wurin kuma duk taku biyar ka hau taku ɗaya. A gindin hawan hukuma ta kafa ƙaton allo tana gargaɗin 'yan koyo da masu manyan motoci. Baƙonmu yana girmama allon nan ƙwarai. Yakan tsaya ya ɗauki hoto a jikinsa, shi da kare, sannan ya saka giya ya hau.

To, bari mu zo kan karen, domin shi ne tauraron tafiyar. In daga ƙetare ya shigo, an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an yi masa rigakafin ciwon hauka, likita ya ba shi maganin tsutsar ciki tsakanin kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya taka ƙasar, an buga hatimi. Duk wanda ya taɓa bin layin neman bizar Birtaniya dole ya yi wa karen nan kallon girmamawa. Ya yini a kulle cikin mota yana shaƙar warin gas, saboda haka da an buɗe ƙofa adalci ne a cire masa igiya ya miƙe ƙafa. Sai dai a wannan yanki tumaki ba su san shinge ba, a bakin titi suke kiwo, wasu ma a kan kwaltar suke kwanciya don ɗuminta. Afrilu da Mayu kuma lokacin haihuwarsu ne. Kare ya hango su, jinin kakanninsa ya motsa, ya bazama. Maigidansa na daga nesa yana murmushi, yana cewa, “Ai wasa yake yi, ba ya cizo.” Gaskiyarsa. Ba sai ya ciji kowa ba. Tinkiya mai ciki in ta sha gudu takan yi ɓari, ɗan da aka raba da uwarsa kuma sanyi da yunwa su ƙarasa shi kafin safiya. Lokacin da manomi zai tsinci gawar, baƙo ya yi mil hamsin, yana rubuta wa abokansa cewa bai taɓa ganin karen nan cikin farin ciki irin na yau ba. Majalisar Sikotilan, da yake ba ta san wasa ba, ta yi doka a 2021 cewa wanda karensa ya farma dabbobin kiwo zai iya biyan tarar da ta kai fam 40,000, ko ɗaurin wata goma sha biyu. Amma sai an kama mutum ake cin sa tara, gidan da ke tafiya kuma ba shi da lambar ƙofa.

Wajen tsafta kam babu na biyunsa. In kare ya yi kashi, da hannunsa yake kwashewa a baƙar leda, ya ƙulle bakinta tsaf. Da yake kwandon shara na da nisa, sai ya rataye ta a jikin wayar shinge, daidai tsayin ido, inda mai gonar ba zai sha wahalar nema ba.

Nasa kuma na cikin mota, a wani akwatin roba yake taruwa da ruwan magani shuɗi, kwana biyu zuwa uku ya cika. Akwai wuraren da aka tanada don zubarwa, sai dai wasunsu kuɗi ake biya, ga kuma rafi nan kyauta, ga lambatu, ga bayan dutse. A ƙasar Hausa mun san baƙon da ke yawo da gidansa. Bayan girbi Bafulatani kan sauka da garkensa a gonar manomi, ya kwana biyu, ya bar masa taki, har manomi ya ba shi dawa don godiya. Shi ma wannan yana barin taki, kuma don karamci ko ƙwayar hatsi ba ya karɓa. Laifin mutanen Durness ne da ba su gano amfanin da za su yi da shi ba.

In aka yi masa magana, doka yake jawowa, domin mutum ne mai ilimi. Ya ji cewa dokar Sikotilan ta 2003 ta ba kowa 'yancin ratsa daji da kafa tanti ya kwana. Ƙwarai kuwa. Sashen da ya ce 'yancin bai shafi abin hawa mai inji ba ne kawai bai kai ga karantawa ba, hutu ya zo yi, ba karatu ba. A 2024 ƙaramar hukumar yankin ta fito da wani tsari na ganin dama, fam 40 na kwana bakwai, ga mai irin wannan mota da ke son taimakawa. Abin da aka tara bai ko kusanci abin da aka yi hasashe ba. Baƙi sun ƙi kunyata masu masaukinsu da tayin kuɗi.

Abin da ya fi ratsa zuciyarsa shi ne shirun wurin. Yakan tsaya a kan tudu ya ce ƙasa ce da ɗan Adam bai taɓa ɓatawa ba, babu gida, babu hayaƙi. Yana da ido, babu gida kam. A 1814 da 1819 aka kori mutanen kwarin Strathnaver daga gidajensu, aka cinna wa jinkaye wuta, domin masu ƙasar Sutherland sun lissafa cewa tumaki sun fi talakawa riba. Patrick Sellar, wanda ya jagoranci korar farko, an gurfanar da shi a Inverness a 1816, aka wanke shi tas. Wasu suka haye teku zuwa Kanada, saura aka tura su bakin gaɓa, kan duwatsu, aka ce su koyi kamun kifi. A Ceannabeinne, kusa da Durness, mata ne suka tare jami'in da ya kawo takardar tashi a 1841, amma shekara na zagayowa ƙauyen ya zama kufai. Yau gefen kufan nan wurin faka mota ne mai kyan gaske. An kori mutane saboda tumaki, ga shi kare ya zo yana korar tumakin, jikokin waɗanda aka tura bakin teku kuma ana tura su gefen titi. Aiki dai sai an samu mai ƙarasawa.

Mutanen wurin ba su da godiya, shi ya sa suke ta rubuta ƙorafi, har kamfanin littattafan yawon buɗe ido na Fodor's ya saka hanyar cikin jerin wuraren da ya shawarci matafiya su ƙaurace wa a 2025. A duk faɗin yankin, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu cizo da ke fitowa da yamma a watannin bazararsu ne kaɗai suka iya tarbar baƙo, su ne kuma kaɗai ke karɓar haraji a jikinsa ba tare da sun nemi izini ba.

Saboda haka jama'ar Applecross da Durness, ku ƙara haƙuri. Ku koyi ribas da kyau, ku ɗaure tumakinku a cikin ɗaki, wanda zai yi rashin lafiya ya daure ya bari sai Oktoba. Baƙi na nan tafe a farkon Afrilu, kuma an ce kada ku wahalar da kanku da girki, sun taho da komai nasu.