Rabon Lada Tsakanin Magunguna

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu ba su yi wa babi ba, alhali kuwa sun cancanci sharhi mai tsawo, akwai mas'alar rabon lada tsakanin magunguna yayin da aka tara su a cikin majinyaci guda. Domin idan Allah ya jarrabi bawansa da taɓin hankali ko ciwon damuwa, aka kai shi asibitin Dawanau ko na Kware, likita ya rubuta ƙwaya, ya ce a sha kullum, a yi haƙuri mako 4 zuwa 6 kafin a ga alama, to kafin a kai ko'ina gwaggo ta iso da rubutu a gora, kawu ya aiko da hayaƙi da man zaitun, maƙwabciya ta kawo habbatus sauda, kowa yana rantsuwa nasa mujarrabi ne.

Yanzu kuma an yi baƙo, wato homiyofati, wanda wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya ƙaga a 1796, bisa ƙa'idar a sirka ɗigo 1 na magani da ɗigo 99 na ruwa, a girgiza, a maimaita ko da sau 30 ne, har maganin ya yi hijira ya bar wa ruwa suna. Wannan kam aljihu kaɗai yake cuta, muddin ba a ajiye ƙwaya dominsa ba. Mai hatsarin shi ne ganyen da Turawa ke kira St John's wort, wanda in ya gamu da ƙwayar damuwa yakan haddasa zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa, kuma ɗan bokon gidan ne ke sayo shi ta intanet, shi da ke yi wa gorar gwaggo dariya.

To idan sauƙi ya samu a mako na biyar, ijma'in dangi shi ne hayaƙin kawu ne ya kori mutanen ɓoye, sai a cusa ƙwaya ƙarƙashin katifa, tunda ba ta da aiki sai sa barci da ƙiba. In ciwo ya dawo kuwa, fatawa a shirye take: ai maganin asibiti danne cuta yake yi, ba ya kashe ta.

Ranar komawa, likita ya ce, "Baba, ana ba shi wani abu ban da wannan?" Sai dattijo, rigarsa tana tashin hayaƙi, bakin gora yana leƙe daga aljihu, ya ce, "Haba likita! Mu da muka miƙa muku wuya?"