Yadda Ake Zama Marubucin Fim a Zangon Kumasi

Na ɗaya, ka tanadi biro da littafi. Kwamfuta ba laifi, amma duk wanda ya ɗanɗana dumsor na 2015 ya san ba a ɗauke wuta sai daidai lokacin da jaruma za ta tona asiri.

Na biyu, ka karɓi kafin alƙalami tun ba ka rubuta bisimilla ba. Furodusa zai dafa kafaɗarka ya ce, "Haba Malam, ai mu 'yan uwa ne, fim na fita zan turo maka kuɗin ta waya, ta momo." Fim ya fita, an kalle shi a YouTube daga Aboabo har Asawase, wayarka shiru. Ran Juma'a ka hango shi a Babban Masallaci cikin sabuwar shadda, kafin a shafa fatiha ya sulale. An biya mai kyamara, an biya mai kwalliya, har mai waakye da ta ciyar da 'yan wasa ta karɓi nata, domin ita ta iya kafa kujera a ƙofar gida. Gana tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, amma doka ba ta san "zan turo" ba. Takarda, sa hannu, shaidu biyu.

Na uku, ka roƙi 'yan wasa su karanta abin da ka rubuta. Sun ga 'yan fim ɗin Kumawood ana faɗa musu kan zance su ƙarasa da baki, sai kowa ya ɗauka shi ma jarumi Agya Koo ne. Wannan baiwa ce, ba a sayenta a kasuwar Kejetia. Ka kwana kana tace maganar uwa ga ɗanta, a wurin ɗauka ka tarar takardar tana hannun mai ƙosai.

Na nawa muke? Bar lissafin. Abin da ke ci mini rai shi ne "yi mana irin na Kano". Ina kallon shirin Labarina, ina kuma jinjina wa daraktansa Aminu Saira, amma labarinsu suke bayarwa, da Hausarsu. Namu fa? Kakanninmu fataken goro da suka baro Salaga bayan yaƙin 1892? A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa. Aka sayar da gidaje a wulaƙance, aka raba miji da mata, kuma tsofaffin da suka gani da idonsu suna nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ka kai wa furodusa wannan, ya jujjuya shafuka ya ce, "To ina kishiya? Ina waƙa?"

Mafita? Kwaw Ansah shi ya rubuta fim ɗin Heritage Africa, shi ya ba da umarni, ya ɗauko babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1989. Saboda haka na huɗu, ko na biyar ne, ka fara tambayar kuɗin hayar kyamara.