Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fulawar Kuɗi Da Ke Saman Kantar Falona

Takarda ta fito daga hannun mai gidan da kike zaune a cikinsa ba ki biyan haya, zuwa ga Hajiya Fulawar Kuɗi, mazauniyar saman kanta, daura da tagar gabas.

Ya ƙura, ya sanyin hunturu? Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali tsakanin kujerata da tukunyarki bai fi taku uku ba. Dalili shi ne na yi miki magana da baki ya fi a ƙirga, har yara sun fara satar kallona suna haɗa ido da uwarsu. Gara in rubuta, jama'a su zama shaida.

Watan gobe za ki cika shekara uku a gidan nan. Ranar da na sayo ki a bakin titi wurin masu sayar da fulawa, ganyenki huɗu ne kacal, kina tsugune cikin baƙar leda. Mai sayarwa ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ita ce fulawar kuɗi. Duk gidan da ta yi yaɗo, arziki ya samu hanyar shiga." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma da ya ce Alhaji sai kaina ya fasu, na biya ban ko taya ba. To, yaɗo dai kin yi. Kin sauko daga kanta, kin kama ƙusar kalanda, kin zagaye agogon bango, yanzu kin miƙa hannu kina neman wayar fanka. Jiya na ari tef ɗin tela na auna reshenki mafi tsawo, mita huɗu da 'yan kai. Albashina kuwa yana nan inda kika same shi, ko toho bai yi ba. Kyan alkawari cikawa, Hajiya.

Wani abokina da ya yi karatu a Indiya, inda kusan kowane gida akwai irinki, ya ce ni na ɓata lamarin tun daga tushe. Wai a camfin mutanen can, ba a sayen ki, sato reshenki ake yi daga gidan wani, sannan sa'ar take kamawa. Wato laifina shi ne na biya da gumina. To, in sharaɗin ke nan, ki riƙe arzikinki. Ba za a kama ni da tsakar rana ina tsallaka katangar maƙwabci saboda ganye ba.

Tun da abin ya zama haka, sai na shiga binciken asalinki, kamar yadda ake yi wa baƙon da ya ƙi tafiya. Ashe daga nesa kike. Tushenki wani ɗan tsibiri ne mai suna Mo'orea, kusa da Tahiti, a tsakiyar tekun Fasifik, ƙarƙashin mulkin Faransa. A 1880 masana tsirrai na Turai suka raɗa miki suna Pothos aureus. Daga baya aka ce ba 'yar gidan Pothos ba ce ke, aka mai da ke Scindapsus, aka sake cewa Rhaphidophora, sai a 1964 aka tsaya a kan Epipremnum aureum. Suna huɗu cikin shekara tamanin da huɗu! A unguwarmu mai canza suna haka, bashi ake bin sa. Kalmar aureum ɗin nan ma, da Latin, zinariya take nufi, wato har a takardar haihuwarki an rubuta ƙaryar dukiya. Turawan Ingila ne kaɗai suka ɗan faɗi gaskiya, suka kira ki yaɗiyar shaiɗan, don wai kashe ki sai an yi da gaske.

Sai maganar fure. Mu nan duk shukar ado fulawa muke ce mata, amma ke kin ci sunan banza, domin ban taɓa ganin furenki ba, kuma ban san wanda ya gani ba. A 2016 masu bincike suka gano dalili: jikinki ba ya samar da isasshen wani sinadari mai suna jibarelin, wanda ke zuga tsiro ya yi fure. Sai da suka fesa miki shi sannan kika daure kika fitar. Ba fure, ba iri, ba 'ya'ya. Duk irinki da ke gidajen mutane da ofisoshi daga yankan reshe ya fito, guntun wata daga guntun wata.

Wannan ne ya sa na rasa bakin kare ki ranar da Hajiya mahaifiyata ta zo daga gida. Ta daɗe tana kallon ki, sannan ta ce, "Me take haifa?" Na ce ba komai. "Ana miya da ita?" A'a. "Magani ce?" A'a. Ta gyara mayafinta ta ce, "To Allah ya kyauta." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, amma na ji sauran. A wurinta duk mai yaɗo da aikinsa: duma ya ba da ƙwarya da ludayi, kabewa ta shiga taushe, yaɗiya a yi kwaɗo da ita, soso ma da ke hawa dangar bayan gida ana wanka da shi. Ke kuwa an ba ki falo, su suna waje.

Da na ce mata ke 'yar dangin gwaza ce, sai ta ɗan saki fuska, ta zaci akwai abin tonowa a ƙarƙashin tukunya. Babu. Abin da kika gada a dangin shi ne ƙaiƙayi kawai. Ganyenki cike yake da wasu 'yan allurai da ido ba ya gani, na sinadarin kalsiyam okzalet, irin waɗanda ke sa ɗanyen gwaza ya kama maƙogwaro. Yaro ko mage in suka tauna, baki ya yi zafi ya kumbura, yawu ya yi ta zuba. Shi ya sa da autanmu ya fara rarrafe na ɗaga ki sama, na naɗe rassan da suka sauko. Na lura tun daga lokacin kike ganin girma ne aka ba ki. Tsare ki aka yi.

An kuma ce kina tace iska. Wannan ma na bi sawunsa. Gaskiya ne a 1989 hukumar NASA ta Amurka ta gwada ki tare da wasu shuke-shuke, aka ga kina rage wasu gurɓatattun sinadarai. Amma a cikin rufaffen akwatin gwaji aka yi, wanda iska ba ta shiga ba ta fita. A 2019 masana a Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya suka sake duba lissafin, suka ce kafin shuke-shuke su yi abin da sauyawar iska ke yi a gini, sai an jera daga 10 har zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita. Ke nan in cika falon da irinki har rufi, mu kuma mu koma tsakar gida mu shimfiɗa tabarma. Buɗe taga ya fi sauƙi.

Yanzu kuma adalci ya sa in faɗi nawa laifin, tun da an ce jama'a za su karanta.

Sau biyu na kusa kashe ki, kuma duk da sunan ƙauna. Watanninki na farko, kullum safe sai na ba ki ruwa, kamar mai kiwon ragon layya, ruwan ma na 'yan garuwa da nake saya jarka-jarka. Maman yara har ta raɗa miki suna Amarya, ta ce ita ba ta tuna ranar da na tashi da asuba na tambaye ta ko tana jin ƙishi ba. A tsohon bokitin fenti na dasa ki, ban huda gindinsa ba. Ganye ya fara yaushi yana rawaya gaba ɗaya, na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Sai da falon ya ɗauki warin kwata sannan na zazzage ki, na tarar da saiwoyinki sun yi baƙi, sun yi laushi kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Ashe saiwa ma numfashi take yi, ni kuwa na danna kanki cikin ruwa ina cewa sha. Na yanke ruɓaɓɓun, na samo tukunyar ƙasa mai huji a gindi, na haɗa ƙasa da yashi mai tsakuwa da ɗan taki da ya daɗe da ruɓewa. Tun daga nan ba kalanda nake bi ba, yatsa nake tsomawa har gaɓa ta biyu. In na ji danshi, in wuce abina. In na ji ƙasa ta bushe, in zuba har ya fito ta ƙasa, in zubar da wanda ya taru a faranti. Da bazara yakan kama kwana uku ko huɗu, da damina har mako ya wuce ba ki nema ba.

Na biyun ya fi ba ni haushi, don ya shafi abin da na fi so a jikinki, wato roɗi-roɗin nan na fari da ruwan ɗorawa da ke jikin ganyenki, kamar an yarfa nono da man shanu a kan koren zane. Na ji ana cewa kina jure duhu, sai na kai ki lungun bayan talabijin. Ba ki mutu ba, amma kika cire kwalliya. Duk sabon ganye ya fito kore shar, ƙarami, tsakanin wannan da wancan tazara mai yawa, reshe ya zama kamar igiyar shanya. Na zaci fushi kike yi. Daga baya na gane lissafi ne. Koren da ke jikin ganye shi ne madafa, shi ke kama haske ya girka abinci. Farin wurin ba ya girka komai, zama yake yi a ciyar da shi, kamar gidan da mutum ɗaya ke fita nema, sauran suna gaban madubi. In haske ya wadata, koren zai iya ɗaukar nauyin farin. In ya yi ƙaranci, sai ki sallami 'yan ado, kowa ya shiga kicin. Wallahi a nan kin burge ni. Na san gidaje da yawa, har da nawa, da ba su iya wannan dabarar ba: samu ya ja baya, amma ankon biki yana nan daram.

Da na fahimci haka sai na zarce gona da iri, na fitar da ke tsakar gida cikin ranar Afrilu ta Kano, wai ki sha haske. Kafin la'asar ganye shida sun ƙone, kuma fararen wuraren ne suka fara soyewa. Can garinku a gindin manyan itatuwa kike, hasken da ya ratso ta cikin ganye kika saba da shi. Shi ya sa kike inda kike yanzu, kusa da tagar gabas, bayan labule mai shara-shara, ki samu hantsi ki tsira daga azahar. Ganyen da ya riga ya koma kore ba ya sake yin roɗi, don haka na datse reshen nan gaba ɗaya. Na ji kina ganin mugunta ce. In an bar shi, ya fi sauran ƙarfi, shi zai cinye gidan.

Hidimar hunturu kuma ba a magana. Iska ta bushe, bakin ganyenki ya ƙeƙashe ya yi ruwan ƙasa, ƙura ta lulluɓe ki har ba a bambance fari da kore. Duk Asabar ni ne da jiƙaƙƙen tsumma, ganye ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, ina leƙa hammatar kowane reshe ko waɗannan fararen ƙwarin masu kama da auduga sun dawo, in goge su da ruwan sabulu. Takalmina na zuwa aiki ba ya samun wannan gatan.

Abu ɗaya dai ba zan ci amanarki a kansa ba: ba ki da rowa. A yanki reshe ƙasa da gaɓa, daidai inda ɗan ƙullutun nan mai ruwan ƙasa yake, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kwalbar ruwa, cikin mako biyu zuwa uku fararen saiwoyi sun fito. Gida bakwai a layinmu yanzu akwai guntunki, har da gidan da ba mu cika shiri da su ba, wanda matar ta aiko yarinya da kwalba. Duk wadda ta karɓa nakan ce ta riƙa canza ruwan bayan kwana biyu-uku, kada ta je neman kuɗi ta buɗe wa sauro gidan haihuwa. Babu ko ɗaya cikinsu da ta yi arziki, na bincika.

Amma kada ki ɗauka ban san halinki ba. Wannan sanyin kai da kike nunawa a tukunya, yarinta ce. Na ga hotunan 'yan'uwanki da suka kuɓuta zuwa daji a Siri Lanka da Hawayi da Fulorida: sun hau itatuwa har mita 20, ganye ɗaya ya kusa mita guda, ya tsattsage kamar na giginya, sun rufe bishiyoyin da suka tarar sun hana su ganin rana. Can an sa ki cikin jerin baƙin da suka fi ƙarfin masu gida. Ni ma na ga alama, don saiwoyin da kike fitarwa a jikin reshe sun riga sun ɓamɓare fentin bango wuri biyu, kuma mai gidan haya zai zo zagaye bayan Sallah.

Maman yara ta ce in kai ki ofis. Na ce za a duba. Hukuncin da na yanke shi ne za ki zauna, amma na janye ƙarar kuɗi, na kuma cire miki sunan. Daga yau sunanki 'Yar Gwaza. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo da almakashi in rage miki wannan reshen, don haka ina roƙon ki da girman Allah, kafin nan ki bar wayar fanka ta sha iska.

Haza wassalam.

Ni ne naki,
Mai ba ki ruwa.