Injin Sakin Katantanwa

A watan Satumba na 2021 aka ɗauke sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da tamu ta Faskari da maƙwabtanmu Ƙanƙara da Sabuwa. Zamfara ta riga mu shiga wannan duhu, don haka mu mutanen 'Yankara da ke bakin iyaka, a kan titin Funtuwa zuwa Gusau, muka zama ba gaba ba baya: ka yi Tsafe babu, ka yi Funtuwa babu. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta kuma rufe wa motocin haya hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, ta hana sayar da fetur a jarka, duk don a ƙuntata wa 'yan bindigar daji. Dalilin ba abin dariya ba ne, kuma ba shi na zo faɗa ba. Ni labarina shi ne abin da zaman kashe wando ya sa wani malamin kimiyya ya aikata, kuma malamin ni ne.

Waya ta koma tocila. Yaran da a da ke cincirindo a kan waya guda suna kallon fim suka waiwayi langa da katantanwa. Ta zamaninmu ta ainihi ce, ɓawon dodon koɗi da ake gogawa a dutse har bakinsa ya daidaita. Ta yaran yanzu da gwangwanin madara ake naɗa ta, ko a cusa murfin biro a cikin hular tsohon batir. Wasan dai bai sauya ba. A share rairayi mai laushi, a murza ta da babban yatsa da na tsakiya, tana cikin juyi a sa gefen yatsa a kifar da ita baki ƙasa. Wanda ya kasa ya miƙa bayan hannu a ɗana masa tsininta.

Autana ne ya ja ni. Na tsuguna ne kawai don in nuna musu yadda manya ke yi, sai katantanwar ta fita daga yatsuna a karkace, ta yi tangaɗi, ta faɗa kwata. Na sake, ta sake. Yaran nan ba su duba furfurata ba, suka yi layi. Wani ma har da cewa, "Baba, a yi haƙuri, doka ce." Da na shiga gida hannuna ya kumbura, uwargida ta tambaya, na ce mata rina ce.

Abin da ya fi dukan ciwo shi ne, kaf garin nan babu wanda ya kai ni sanin dalilin da ya sa katantanwa ke tsayawa. Ni nake koyar da shi. Abu in yana juyi da sauri, yakan ƙi yarda a sauya inda tsakiyarsa ta dosa. Nauyi na jan sa ƙasa, amma maimakon ya faɗi sai kansa ya riƙa kewaye a hankali. Gwargwadon saurin juyin, gwargwadon natsuwar wannan kewaye. Da gudu ya ragu sai kewayen ya ƙaru, ya buɗe, har ta kwanta. Manyan masana lissafi sun yi gumi a kan wannan, su Euler da Lagrange, kuma a 1888 wata 'yar Rasha, Sofiya Kovalevskaya, ta ci babbar kyautar cibiyar kimiyya ta Faransa a kan lissafin abu mai juyi a kan tsini guda. Akwai ma hoton da aka ɗauka a garin Lund na Suwidin a 1951, inda Niels Bohr da Wolfgang Pauli, dukansu masu kyautar Nobel, suka duƙa suna kallon wata 'yar katantanwa mai kifar da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Su an ce musu masana. Ni da na duƙa a ƙofar gidana, mai shayi cewa ya yi rashin sabis ya fara taɓa manya.

Na zauna na yi nazari, na gano inda gizo ke saƙa. Ƙarfin murzawa ina da shi. Matsalar a lokacin rabuwa take: yatsa ɗaya yana riga ɗaya barin katantanwar, na bayan sai ya ture ta gefe, ta sauka a karkace. Yaro ba ya tunanin wannan, hannunsa ne ya haddace. Ni kuwa da hannuna ya manta, ai sai in ƙera masa mataimaki. Ba ni na fara ba. Kamfanin Takara na Jafan ya fito da Beyblade a 1999, katantanwar roba da ƙarfe mai abin harbawa, ka ja wata igiya mai haƙora ta sauka a miƙe, kuma sun kwashi kuɗin duniya da ita. Me zai hana 'Yankara ta samu nata?

Zanen da na yi ba shi da makusa, har gobe ina nan a kan bakana. Katako mai ƙafa uku, don abu mai ƙafa uku ba ya girgiɗi ko ƙasa ba ta daidaita ba. A tsakiya cibiyar ƙafar keke a tsaye, da boris ɗinta, don juyi ya tafi sumul. A ƙasanta wayoyin ƙafar keke guda uku da aka lanƙwasa su kama bakin katantanwa. A sama robar tayar keke da za a murɗa ta tara ƙarfi. Sai abin da zai buɗe wayoyin nan uku a lokacin da gudu ya kai maƙura, wanda na ciro daga tarkon ɓeran uwargida ba tare da na nemi izini ba. Duka wannan a cikin guntun bututun ƙarfe, don kada iska ta sa baki.

Na kai wa maƙerin unguwarmu zanen. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya leƙa waje, sannan ya rage murya.

"Malam, bututu ne wannan?"

"Bututu ne."

"Wannan kuma da ake ja da yatsa?"

"Shi ke sakin abin."

"To ai kunamar bindiga ke nan. Malam, ina da iyali. A wannan marrar da ko adda mutum ya wasa sai an tambaye shi dalili, ka kawo mini bututu da kunama?"

Na rantse masa katantanwa za a harba. Ya ce gara ma in ce masa bindigar ce, ya fi gane wannan. Dole na soke bututun na koma wurin abokina mai gyaran keke, wanda shi ba ya tambaya muddin za a biya kuɗin boris.

Muna cikin haɗawa a tsakar gida Inna ta fito alwala ta tsaya a kanmu. Mutuniyar Daudawa ce, ƙasar auduga, ta yi kaɗi tun tana budurwa, a zamanin da manyan motoci ke jigilar auduga zuwa injin gurza na Funtuwa. Ta ji bayanina har ƙarshe, ta koma ɗaki ta fito da tsohon mazarinta. Ta dangwali alli ta shafa a yatsu, ta kafa tsinin a kan wani guntun fata, ta murza. Mazarin ya miƙe cak, gululun da ke gindinsa yana juyi har ba ka ganin zanen jikinsa. Yatsunta biyu suna nan kewaye da sandar, amma na duƙa na duba da kyau, ba su matse ta ba. Zobe kawai suka yi mata, in ta so karkacewa ta taɓa su ta dawo.

"Kai naka damƙa yake yi," in ji ta. "Abin da ke juyi ba a damƙarsa."

Na ce, "Inna, wannan kimiyya ce."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da take faɗa wa mai shirin ƙara aure.

Gwajin farko ya nuna injin na riƙo ƙwarai. Katantanwar ta yi juyin da ba a taɓa gani ba a garin nan, sai dai a cikin injin ta yi shi, ta ƙi fitowa. Da muka sassauta wayoyin sai ta riƙa faɗowa tun ba a murɗa robar ba. Muka matse, ta maƙale. Muka sassauta, ta zube. A nan ne na gane ashe gwangwanin ma da nasa laifin, domin wurin da aka haɗe bakinsa ya fi ɗaya gefen nauyi, kuma da gudu ya yi yawa sai ya riƙa fizgar injin gaba ɗaya.

Wani dare bayan sallar isha muna zaune a zaure da mai gyaran keke muna tattauna matsalar. Ban san 'yata ta kawo tuwo ta tsaya a bayan ƙofa tana jiran mu yi shiru ta yi sallama ba.

Na ce, "Ni riƙon ba ya ba ni wahala. Sakin ne. So nake in sake ta salin alin, ba tare da ta yi mini tangaɗi a gaban mutane ba."

Ya ce, "Malam, in za ka ji shawarata, kada ka yi ɗaya bayan ɗaya. Ka saki ukun nan a lokaci guda, ka huta."

Na ce, "Haka zan yi. Dama ta tsufa, duk ta karkace, gefe guda ya fi nauyi."

Ya ce, "To ka sauya ta mana. Ga sababbi nan birjik a bayan shagon mai shayi."

Tuwon bai iso ba. Na ɗauka an manta da mu ne, na kwanta da yunwa ina lissafin tsawon waya. Da na dawo daga sallar asuba gida tsit, murhu babu wuta, akwatin uwargida babu. Auta ne ya ce mini sun tafi gidan Baffa da Yaya, kuma Umma ta ce a gaya mini Allah ya sa 'yar bayan shagon mai shayin ta iya tuwo.

Da a ce akwai sabis, kira ɗaya ya kashe maganar. Babu. Kafin hantsi labari ya gama unguwa da ƙafa, wanda na lura ya fi intanet sauri. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta ce ba ta taɓa zaton haka daga gare ni ba. Mai shayi kuma ya aiko a tambaye ni wace ce a bayan shagonsa, don shi bai san da kowa ba sai tarin gwangwani.

Na ga babu abin da zai wanke ni sai shaida. Na naɗe injin a buhun masara na saɓa, na tsallaka titi zuwa gidan baffan uwargida, wanda shi ne waliyyinta. Na tarar da shi a zaure da yayanta da wasu dattawa biyu, fuska babu annuri. Na tsuguna na gaishe su, suka amsa a taƙaice.

"Malam, mun ji abin da ya faru. Saki nawa ne?"

"Baba, uku ne, amma ba nata ba ne."

"Kana da wata matar ne ba mu sani ba?"

Na kwance buhu. Na kafa ƙafafun uku a tsakiyar zaure, na roƙi a ɗebo mini rairayi a faranti, na ɗaura katantanwa, na shiga murɗa roba ina bayanin Lagrange. Babu wanda ya ce uffan. Ina jin motsin mata a bayan ƙofar cikin gida. Saboda ina son hujja ta fito fili, na ƙara wa robar murɗi fiye da yadda muka saba. Na ce, "Baba, a duba da kyau, yanzu zan sake ta."

Na ja zaren. Tarko ya ce ƙarau, ya kama mini babban yatsa. Wayoyi biyu suka buɗe, ta ukun ta yi jinkirin ƙiftawar ido, sai katantanwar ta fita ta gefe kamar dutsen majajjawa. Ta daki butar ƙarfe da ke jingine, ta yi sama, ta taɓa azara, ta gangaro ta shige wuyan babbar rigar Baffa ta baya. Kuma, wannan ina so a rubuta mini shi, tana ciki tana juyi.

Dattijon da ake kamawa kafin ya miƙe ya yi tsalle ɗaya ya kai ƙofa yana ihu, "Kunama! Kunama!" Yayanta ya tuɓe takalmi ya hau dukan bayan rigar. Ɗaya daga cikin dattawan ya taka farantin rairayi ya zauna a cikin ƙwaryar fura. Ni kuwa ina tsaye da tarkon ɓera a yatsa ina cewa, "Kun gani? Waya ta uku ce!" Daga bayan ƙofa na ji wata dariya da na sani shekara da shekaru, irin wadda take yi har ta riƙe ciki.

Da ƙura ta lafa aka zaro katantanwar daga rigar Baffa. Ya ɗaga ta ya duba, ya dubi injin, ya dube ni, ya daɗe yana jan carbi.

"Malam, ɗauki matarka ku tafi. Babu saki."

"Na gode, Baba."

"Kada ka gode. A fiƙihun da muka karanta, sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa. Ko da ka yi, wanda ya ƙera wannan abin sai an duba shi tukuna."

An yanka mini turmin atamfa na biko a kan sakin da ban yi ba, da sabon tarkon ɓera, da kuɗin fura. Na biya, amma ban janye ko kalma ɗaya daga zanena ba. Da maƙeri ya yarda ya yi mini bututun nan, da katantanwar ba ta sami hanyar fita ta gefe ba, kuma Baffa ma ai ba a saitin da ya dace ya zauna ba.

Injin yana hannun yaran unguwa yanzu. Sun daina ɗana wa juna katantanwa a bayan hannu. Wanda ya kasa kifarwa, sai a murɗa robar, a tsayar da shi a gaban injin Malam, sauran su ɓuya a bayan katanga. Auta ke karɓar kuɗin haya, kuma ya ce ba ni da kaso sai na gyara waya ta uku, su kuma sauran yaran sun aiko da roƙon kada in kuskura in gyara ta.