Masu Kawo Hoto

Kafin hoto ya shiga CapCut ko Premiere sai ya bi ta hannun mai shi, kuma a nan mai haɗa bidiyo a Wurno, Rabah ko Goronyo yake fara tsufa.

Gwanina a cikinsu shi ne Alhaji Sikirinshot. Ya je madatsar ruwa ta Goronyo yawon Sallah, ya sha babbar riga, ya tsaya gaban ƙofofin ruwa, ɗansa ya ɗauke shi. Ɗan ya tura zauren dangi a WhatsApp, wata ƙanwa ta ɗora a sitatus, Alhaji ya gani ya kwafo daga fuskar waya. Abin da ya iso gare ka ke nan, da agogo a sama, da sandunan sabis, da batir saura kashi 7. Ka shimfiɗa shi a faɗin 1920 da tsayin 1080, fuskar Alhaji ta dagargaje kamar dambu. Ka ce, "Alhaji, ina na asalin?" Ya ce, "Ai shi ne wannan, ɗana. Ba ni ne a ciki ba?" Ka yi masa bayani cewa WhatsApp na matse hoto, sai in an turo shi a matsayin takarda. Ya gyaɗa kai, ya tafi gida, da dare ya turo maka sikirinshot ɗin nan dai, a matsayin takarda. Washegari ya dawo da goro da shawara: "Ka mai da shi HD mana, ba aikinka ba ne?"

Akwai mai ɗauka a tsaye. Madatsar da aka gama a 1984, tsawonta kilomita 12 da rabi a kan kogin Rima, shi ya tsai da waya ya kawo maka siririn ruwa da baƙi hagu da dama. Mai iPhone kuwa HEIC zai ba ka, tsohuwar kwamfutarka ta ƙi buɗewa, ya dube ta da tausayi. Shugaban manoman rani, ka nemi tambarin ƙungiya PNG marar bango, ya ɗauko maka allon ƙofar ofis, da buhunan albasa da rabin akuya.

Hajiya ta zuba maka ɗaruruwa ta Xender, duk sunansu IMG da WA, ta ce, "Zaɓi masu kyau." Ka zaɓa. Ashe wanda ka bari ne mai kyan. (Mu masu ƙorafin suna, kada dai a leƙa inda muke ajiye "na ƙarshe", "na ƙarshe 2" da "wannan ne wallahi".)

Duk waɗannan ina ba su kujera. Wanda ba na ba wa shi ne mai hoton ambaliya. Mutanen nan sun ga ruwan 2010 da idonsu, shekarar da ƙauyuka suka nutse, gonaki suka tafi, har gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye a Sakkwato. Sai wani ya tsinto ambaliyar wata ƙasa a intanet, ya ce ka yanke tambarin mai hoton, ka datse bishiyoyin kwakwar da ke gefe, ka rubuta Goronyo a ƙasa, zai kai wa masu ba da agaji. Abin haushi, duk cikinsu shi kaɗai ke kawo hoto a kwance, garau, daidai awo.