Motar da aka kwance don a yi ta wasa

Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fara ne a 1946 da yankan katako, daga baya ya koma ƙera ƙananan motocin roba da mai saye ke harhaɗawa da hannunsa. Kwali yakan zo cike da guntaye, sai magidanci ya tanadi gam da fenti, ya yi makonni yana liƙe-liƙe. A ma'aunin 1/24, motar da tsawonta ya kai mita huɗu da rabi ba ta cika santimita 20.

Da kamfanin ya tashi yin Porsche 934 a ma'aunin 1/12, wadda ta fito a 1976, hoto bai wadatar da Shunsaku Tamiya, ɗan mai kamfanin, ba. Sai aka sayi Porsche 911 ta gaske, ma'aikata suka kwance ta kaf, suka auna kowane ƙarfe. Aune-aune ya yi kyau. Da aka zo mayarwa ne ido ya raina fata: mutanen da sana'arsu ita ce koya wa duniya haɗa mota sai da suka kira makanikan Porsche.

Masu wannan sha'awa kuwa sun huta da kuɗin mai da inshora. Mutum yana da Ferrari da Toyota Supra jere a kan kanta, amma a jirgin ƙasa yake zuwa aiki. Duk watan Mayu kuma ya nufi baje kolin irin waɗannan kaya a Shizuoka ya ƙaro kwalaye, alhali na bara ma bai ɓare ledarsu ba.